Yadda ake haɗa kiɗa a sabon Incredibox, daga ganga ta farko har zuwa naɗa

Incredibox wasa ne na haɗa kiɗa da ake buɗewa kai tsaye a burauza, ba sai an sauke komai ba. Wasu abokai uku ne a birnin Saint-Étienne na ƙasar Faransa suka fito da shi a 2009: Allan Durand da Romain Delambily da Paul Malburet. Kamfaninsu So Far So Good ne ke tafiyar da shi. Paul ɗin, wanda aka fi sani da Incredible Polo, shi ne mai muryar, kuma yawancin sautukan da za ka ji da baki aka yi su, har da waɗanda za ka rantse ganga ce. A da wasan a kan Flash yake tafiya, wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa burauza. Da aka daina amfani da Flash a ƙarshen 2020, sai sabon zubin da burauza ke buɗewa da kanta ya zama shi ne hanya. Na daɗe ina wasa da shi tun yana tsohon zubi, kuma na zaunar da ƙanne da abokai da yawa a gabansa. Kusan duk inda mai koyo ke tuntuɓe wuri ɗaya ne: yana ɗokin cika mawaƙa bakwai a lokaci guda. Wannan bayanin zai bi da kai ta wata hanya dabam.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta, ko ta tebur ko ta cinya, ita ce ta fi dacewa, saboda allonta na da faɗi kuma linzami ya fi yatsa saiti. Idan waya kaɗai gare ka, za ka iya gwadawa a burauza, amma ka juya ta a kwance, kuma kada ka yi mamaki in shafin ya tura ka zuwa manhajarsu ta saye. Manhajar ta fito a iOS a 2016, ta biyo baya a Android a 2017.

Burauza sabuwa: Chrome ko Firefox ko Edge ko Safari. Opera Mini a yanayin matse data ba ta iya ɗaukar irin wannan wasa, don haka kar ka ɓata lokacinka da ita.

Abin sauraro na kunne mai waya. Wannan na fi matsa wa mutane a kai. Sifikar waya ko ta ƙaramar kwamfuta ba ta fitar da sauti mai kauri, sai ka yi ta ƙara ganguna kana zaton kiɗan bai cika ba, alhali kunnenka ne bai samu rabonsa ba. Na Bluetooth yana aiki, sai dai yakan jinkirta sautin kaɗan, abin da idonka ke gani ya riga abin da kunnenka ke ji. In shi kaɗai gare ka, ka dogara da kunne, ka rabu da kallon bakin mawaƙan.

Intanet da zai iya sauke sautukan sau ɗaya. Da zarar sigar da ka zaɓa ta gama buɗewa, wasan ba ya cin data sosai, sai lokacin adana abin da ka naɗa.

Sai takarda da biro. Kar ka raina su, a mataki na 3 da na 6 za ka ga amfaninsu.

1. Buɗe shafin gaskiya, ka zaɓi siga

Rubuta incredibox.com da hannunka a wurin adireshi. Idan ka nema ta Google, za ka tarar da tarin shafuka masu kama da shi, cike da tallace-tallace da maɓallan ƙarya masu cewa ka sauke wani abu. Na taɓa barin wani ƙanena shi kaɗai da irin wannan shafi, na dawo na tarar ya amince da saƙonnin sanarwa har sun cika kwamfutar, sai da muka yi yammaci guda muna gogewa. Duk shafin da ya ce sai ka sauke fayil kafin ka yi wasa a burauza, rufe shi.

A shafin gaskiya ka nemi sashen gwaji na kyauta. Wasan yana da sigogi, kowace da salonta. Alpha ita ce gyararriyar sigar farko, kiɗan baki zalla. Little Miss ta fito a 2012, Sunrise a 2013, The Love a 2014. Waɗannan huɗun su aka saba bari kyauta a burauza. Sauran suna cikin manhajar saye, irin su Brazil ta 2016, Alive ta 2018, Jeevan ta 2019 mai ɗanɗanon kiɗan Indiya, Dystopia ta 2020 mai duhun yanayi, da Wekiddy ta 2023 mai salon hip-hop.

Ga mai farawa, ni dai Little Miss nake ba shi. Tafiyarta a natse take, ana jin kowane sauti daban, kuma kuskure ba ya ɓuya. The Love tana da daɗi da saurin kama kunne, amma kusan duk abin da ka jefa mata yana fitowa da kyau, saboda haka ba ta koyar da kai komai a ranar farko.

Ka jira ta gama buɗewa tsaf. Idan ka ga hoto amma babu sauti, danna allon sau ɗaya, domin burauza ba ta barin shafi ya fara ƙara sai mai shi ya taɓa wani abu. A iPhone kuma ka duba ko wayar na yanayin shiru.

2. San abin da ke gabanka

Za ka ga samari bakwai a jere, ba riga, sun yi tsit. A ƙasansu akwai alamomi 20, an kasa su gida huɗu, biyar-biyar. Daga hagu: bugu, wato ganguna da abin da ya yi kama da su, sai kayan ado, irin su huci da ƙyasta da sautin na'ura, sai kari, wato sautukan da ke ɗauke da hawa da saukar waƙa, sai muryoyi a ƙarshe. Kowace alama kaya ce, hula ko tabarau ko riga. Ka ja ta ka ɗora a kan saurayi, ya sa kayan, ya fara yin sautin.

Abu ɗaya na ilimi da ya wajaba ka riƙe shi ne zagaye. Kowane sauti guntu ne da ke maimaita kansa, kuma dukkansu tsawonsu ya dace da juna. Idan ka ɗora sabon sauti a tsakiyar zagaye, ba zai shigo nan take ba. Zai tsaya, ka ga ɗan layi yana cika a jikinsa, sai zagayen ya dawo farko sannan ya faɗo tare da sauran. Masu koyo da yawa a nan suke zaton abin ya lalace, su cire su sake ɗorawa, su sake cirewa. Bai lalace ba, layi yake bi. Wannan jiran shi ne dalilin da ya sa ba za ka taɓa fita daga kan kiɗa ba ko da ba ka taɓa riƙe ganga ba.

Akwai umarni uku da za ka iya ba kowane mawaƙi. A kwamfuta, kai linzami kansa, ƙananan maɓallai za su bayyana: na rufe masa baki, na barin sa shi kaɗai sauran su yi shiru, da na tuɓe masa kayan gaba ɗaya. A allon taɓawa, taɓawa sau ɗaya tana rufe baki, dannawa a riƙe tana ware shi, jan sa ƙasa kuma yana tuɓe shi. Bambancin rufe baki da tuɓewa babba ne. Wanda ka rufe wa baki yana nan yana bin zagayen a ɓoye, kana buɗe shi zai shigo a take. Wanda ka tuɓe kuwa, in ka mayar da shi sai ya sake jiran farkon zagaye.

3. Saurari alamomi 20 ɗin ɗaya bayan ɗaya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi biya. Ɗora alama ta farko ita kaɗai, ka bar ta ta yi zagaye biyu cikakku, domin wasu sautukan suna sauya salo a rabi na biyu. Cire ta, ɗora ta biyu. Haka har ka kai ta 20. Ba zai ci maka fiye da minti goma zuwa sha biyar ba.

Kana saurare kana rubutu. Ba alamomin lamba daga hagu zuwa dama, in layi biyu ne ka fara da na sama. A gaban kowace lamba rubuta kalma ɗaya ko biyu da kai za ka gane: "mai nauyi", "tafi", "siririya", "mai yawan magana", "tana barin fili". Abin da kake nema shi ne ka raba sautukan gida biyu, masu cika wuri da masu barin fili. Daga cikin alamomi 20, hanyoyin zaɓar bakwai sun kai 77,520. Ba wanda zai gwada su duka, amma wanda ya san halin kowane sauti zai tafi kai tsaye wurin waɗanda za su zauna lafiya da juna.

4. Kafa gindi

Fara da bugu ɗaya, wanda ya fi nauyi da sauƙi, mai kama da bugun zuciya. Bar shi ya yi zagaye guda shi kaɗai, kana kaɗa kai ko taka ƙafa har jikinka ya san inda zagayen ke farawa. Sannan ƙara bugu na biyu mai kaifi, irin tafi ko kacau-kacau, wanda ke faɗawa a gurbin da na farko ya bari.

Nan ka tsaya. Bugu biyu sun isa. In ka jera huɗu ko biyar, sun cinye maka gurabe, kuma sai su riƙa taka juna har nauyin na farkon ya ɓace. Ko a filin biki, ba yawan makaɗa ke sa kiɗa daɗi ba, kowa ya san gurbinsa ne.

Na uku shi ne sauti mai kauri, wanda makaɗan zamani ke kira bes. Ba shi da gida guda; a wata siga yana cikin kayan ado, a wata yana cikin kari. Takardarka za ta nuna maka shi. Da zarar ya zauna a kan gangunan nan biyu, za ka ji kiɗan ya samu ƙugu. Idan ka ɗora shi ba ka ji wani canji ba, matsalar sifika ce, koma kan abin kunne.

5. Ɗora kari da murya

Yanzu gurabe huɗu suka rage. Zaɓi kari ɗaya da zai zama fuskar kiɗan, wanda mutum zai tashi yana rera shi bayan ya gama saurare. Idan kana son na biyu, ya zama daga masu barin fili, mai jan sauti a baya kamar shimfiɗa. Kari biyu masu yawan motsi tare suna zama kamar mutum biyu na ba ka labari a lokaci guda.

Muryoyi kuwa ka ɗauke su kamar mai bayar da waƙa da 'yan amshi. Ɗaya ce ke gaba, ɗayar tana amsa mata. Ga yadda ake gwadawa: ɗora biyun, ka ware su ta hanyar rufe bakin sauran, ka saurara ko ɗaya na shiga lokacin da ɗayar ke numfasawa. In suna haɗuwa a kan gaɓa ɗaya, canja guda.

Kayan ado su ne na ƙarshe, in gurbi ya rage, kuma ɗaya ya wadatar. Kamar yaji suke.

Ina ba da shawara ka bar gurbi ɗaya babu kowa, ko da kana jin hannunka na ƙaiƙayi. Mawaƙa shida da gurbi guda a buɗe sun fi bakwai a cushe, saboda wannan gurbin shi ne ƙofar da za ka riƙa shigo da baƙon sauti a tsakiyar kiɗa ba tare da ka kori kowa ba.

Ga gwajin da nake yi wa kowane haɗi kafin in amince da shi. Ina rufe bakin mawaƙan ɗaya-ɗaya. Wanda na rufe na ji kiɗan ya rame, yana aiki, ya zauna. Wanda na rufe ban ji an rasa komai ba, ko ma na ji iska ta shigo, na sallame shi.

6. Tsara tafiyar kiɗan a takarda

Haɗi mai daɗi da ke maimaita kansa babu canji yana gundura kafin minti guda. Abin da ke mayar da shi kiɗa shi ne shiga da fita, kuma wannan ba a yin sa da ka, a takarda ake tsara shi, ana ƙirga zagaye. Ga tsarin da nake ba masu farawa, na zagaye goma sha biyu:

Zagaye na 1, kari mai shimfiɗa shi kaɗai, ko bugu mai kaifi shi kaɗai. Na 2, babban bugu ya shigo. Na 3, bes. Na 4, babban kari. Na 5 da na 6, murya ta gaba da mai amsa mata, kiɗa ya cika. Na 7, rufe bakin gangunan duka, a bar murya da kari suna shawagi. Na 8, buɗe gangunan gaba ɗaya daidai kan farkon zagaye. Na 9 da na 10, shigo da baƙon sauti a gurbin da ka bari, ko ka musanya babban kari da wani. Na 11, fara sallama, muryoyi su tafi. Na 12, a bar abin da aka fara da shi, sannan shiru.

Zagaye na 7 da na 8 su ne zuciyar abin. Lokacin da ganga ta ɗauke, mai sauraro yana riƙe numfashi ba tare da ya sani ba, kuma dawowarta ita ke sa kai ya kaɗu. A nan rufe baki ya fi tuɓewa, domin kana buƙatar su dawo a daidai lokacin da ka so. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware murya ita kaɗai da maɓallin warewa, sannan ka sake shi gab da farkon zagaye, kowa ya faɗo tare. Da dannawa ɗaya ka yi aikin dannawa da yawa.

Ka riƙe wannan ƙa'ida ta lokaci: sabon sauti ana ɗora shi tun zagayen da ya gabaci nasa bai ƙare ba. In kana son bes a zagaye na 3, ka ja shi a cikin na 2. Idan ka makara ko da ƙiftawar ido ce, sai ya jira zagaye guda cur, tsarinka ya goce. In hakan ta faru kar ka rikice ka fara cire-cire, ƙara zagaye ɗaya a lissafinka ka ci gaba.

7. Buɗe kyaututtukan ɓoye

A saman allo akwai 'yan da'irori, yawanci uku a kowace siga. Kowace tana ɓoye da ɗan gajeren zane mai motsi da amshi na musamman. Danna da'irar, za ta nuna maka alamomin da take so a haɗa. Ka ɗora su duka a lokaci guda, kuma kada ka rufe bakin ko ɗaya, sai ta buɗe. Daga nan kana iya kunna ta, ita ma ta jira farkon zagaye ta shigo.

Ka buɗe su tun kafin ka fara naɗa, ka kalle su, ka san tsawonsu. A cikin kiɗa guda, kyauta ɗaya ta isa, kuma wurinta shi ne inda kiɗan ya kai ƙololuwa, wajen zagaye na 9 a tsarin da ke sama. Kafin ta ƙare ka shirya abin da zai biyo baya, kar amshin ya sauka a kan fili.

Akwai kuma yanayin da wasan ke haɗa kiɗa da kansa. Yana da amfani in kanka ya toshe: kunna shi, ka saurara, duk haɗin da ya burge ka ka rubuta lambobinsa.

8. Naɗa

Kafin ka danna maɓallin naɗa, bi tsarinka sau biyu ko uku a matsayin gwaji. Rufe sauran shafukan burauza, musamman masu bidiyo, domin kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi takan sa sauti ya riƙa sarƙewa. In kwamfutar cinya ce, sa ta a caji idan akwai wuta, yanayin tanadin batir yana rage mata kuzari. Kada ka koma wani shafin kana tsakiyar naɗa.

Share dandalin, danna naɗa, ka bi takardarka. Naɗin yana da iyakar tsawo, don haka ka sa ido a kan ma'aunin lokaci, ka sallami mawaƙanka da kanka kafin a yanke ka. Minti biyu masu tsari sun ishi kiɗan farko.

Idan ka tsayar, za a nemi ka ba kiɗan suna, ka sa naka sunan, sannan a ba ka adireshin da za ka tura wa mutane. Sa laƙabi, musamman in yaro ne ke wasan, domin abin da aka adana kowa na iya gani. Kwafi adireshin nan take ka ajiye shi a wani wuri, ko ka tura wa kanka a WhatsApp. Wanda ya rufe shafin bai kwafa ba, nemo kiɗan zai yi masa wuya. Masu sauraro na iya kaɗa wa kiɗa ƙuri'a, waɗanda suka fi samu su shiga jerin 50 na sama.

In intanet ya yanke kafin ka adana, kar ka sabunta shafin, jira ya dawo. In kuma kana son fayil a hannu, a kwamfuta manhajar OBS Studio kyauta ce kuma tana ɗaukar allo da sautin ciki. Wayoyi da yawa ma suna da abin ɗaukar allo, sai dai ka saita shi ya ɗauki sautin cikin waya, ba na makirufo ba, in ba haka ba har kukan janareto zai shiga. Ka tuna sautukan mallakar kamfanin ne. Tura wa abokai daban, ɗora waƙarka a kai ka kai kasuwa daban. Wannan na biyun sai ka karanta sharuɗɗansu ka nemi izini.

9. Idan ka ci karo da sigogin magoya baya

Bayan sigogin kamfanin, akwai waɗanda masoya wasan ke ƙirƙira da kansu. Wadda ta fi shahara ita ce Sprunki, da ta bayyana a 2024, kuma tun daga lokacin ake ta fitar da sababbin zubinta iri-iri a shafuka barkatai. Ba kamfanin So Far So Good ne ya yi ta ba. Duk abin da ka koya a sama yana aiki a cikinta: ja ka ɗora, jira zagaye, rufe baki, ware. Sai dai ingancinsu ya bambanta, a wasu za ka ji sautukan ba sa hawa kan juna daidai, wasu kuma babu maɓallin naɗa, sai ka koma ga ɗaukar allo.

Iyaye da yayye, ga abin da ya kamata ku sani. Sprunki tana farawa da 'yan halittu masu launi da fara'a, irin waɗanda ƙananan yara ke so. Amma akwai alama ta ƙarshe, ta wani baƙi mai hula, wadda da an ɗora ta komai ke juyewa: allon ya yi duhu, fuskokin su koma na ban tsoro da raunuka da jini, kiɗan ma ya sauya. Na ga yarinya 'yar shekara shida ta jefar da waya saboda wannan. Kafin ka miƙa wa ƙaramin yaro, ka gwada alamomin duka da kanka, ko kuma ka buɗe masa Sunrise a shafin asali, ka zauna kusa da shi ku ƙirga zagayen tare, shi yana ɗorawa kai kana riƙe da takarda.